Ko Aljanu Ne Suka Hana Najeriya Gyaruwa? Amsar Tsohon Mai Binciken Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Jekadafari a cikin garin Gombe. A majalisarmu akwai wani dattijo da muke ganin girmansa, kullum cewa yake yi an binne wa ƙasar nan asiri, kuma fadar shugaban ƙasa cike take da aljanu, shi ya sa duk mutumin kirkin da ya shiga sai ya canja. Ya ce rashin wuta da tsadar abinci da lalacewar asibiti duk daga nan suke, babu mafita sai addu'a. Zuciyata ba ta kwanta da maganar ba, amma ina tsoron in musa in faɗa cikin musun abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Tunda ka yi aikin binciken kuɗin gwamnati, kuma ka zauna gaban malamai, mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, ba wanda zai fitar da kai daga addini don ka tambayi inda kuɗin kwalbati suka shiga. Aljanu gaskiya ne, sura guda sukutum aka saukar da sunansu. Sihiri da hassada da kambun baka duk akwai su, shi ya sa muke neman tsari da Falaƙi da Nasi safe da yamma. Amma dattijonku bai tsaya a nan ba. Ya ɗauki abubuwa takamaimai, wuta da asibiti da farashin masara, ya ce aljanu ne suka ɓata su. Wannan da'awa ce, kuma tun a zaure aka koya mana cewa hujja tana kan mai da'awa. Yarda da cewa akwai ɓarayi a gari ba ta sa alƙali ya ɗaure duk wanda aka nuna masa da yatsa. Su ma aljanun bayin Allah ne, akwai musulmi a cikinsu, ban ga dalilin da zai halatta a yi musu ƙazafi ba.

Bari in fara da abin da na fi sani. Kuɗin gwamnati ba sa fita daga asusu da ƙafarsu. Sai an sa aikin a kasafin kuɗi, mai iko ya amince, akawu ya rubuta bauca, odita na cikin gida ya duba ya buga hatimi, ma'aji ya sa hannu, sannan banki ya biya. In kwangila ce, kafin a biya kashin ƙarshe sai injiniya ya ba da takardar shaida cewa ya je ya gani da idonsa an gama aiki. Kowane mataki akwai suna, akwai kwanan wata. A tsawon aikina na ga fayil da ya ɓace, na ga baucar da aka ce gara ta cinye, na ga sunayen ma'aikatan bogi suna karɓar albashi shekara da shekaru, amma ban taɓa bin sawun kuɗi ya ƙare a wurin da babu ɗan'adam ba. Akwai wani ɗakin shan magani a wani ƙauye da mutanen wurin suka tabbatar mini aljanu ne suka hana a zauna a cikinsa, har yara ba sa bi ta gefensa da almuru. Takarda kuwa ta nuna an biya ɗan kwangila kuɗinsa cif, an shaida an kammala, alhali rabin ginin babu rufi, kuma ba a taɓa tura ma'aikaci ko ɗaya wurin ba. Jemagu da mujiya suka tare, labarin aljanu ya biyo baya. Wanda ya sa hannu a takardar shaidar nan ba ƙaramin daɗin labarin ya ji ba.

Ka tuna abin da ya faru a 2018 a ofishin JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, na Makurɗi, inda wata ma'aikaciya ta ce wani maciji na tsafi ya haɗiye naira miliyan 36. Ƙasar nan kaf aka yi ta dariya, har da dattawan majalisa irin taku. Ba wanda ya ce a tara malamai a yi wa macijin ruƙiyya, kowa cewa ya yi a kai ta kotu. To me ya sa in kuɗin miliyan 36 ne muke ganewa nan take, in suka kai tiriliyan sai mu koma cewa asiri ne? Abin da ya bambanta su kawai shi ne na farkon mun ga fuskar mai maganar, na biyun kuwa ya yi mana nisa.

Ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa nan kusa da ku a kan kogin Gongola. Tun shekarun 1980 aka gama gina ta, da niyyar noman rani da ruwan sha da wutar lantarki. Tashar wutar mai megawat 40 sai da ta haura shekara 30 kafin ta fara aiki. A duk tsawon wannan lokaci ruwan yana nan yana kwarara, babu aljanin da ya tare shi. Abin da ya tsaya shi ne kuɗi da yarjejeniya da sauyin gwamnatoci. Ta Kafin Zaki da ke ƙasar Ningi kuwa an ba da kwangilarta, an soke, an sake bayarwa, an sake sokewa, ga kuma ƙorafin mutanen Yobe da Borno da ke tsoron ruwan fadamunsu zai ragu. Rigima ce ta mutane, mai takardu da zaman taro. Haka a 2024 da aka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, garuruwan nan suka kwana suka tashi cikin duhu, kowa ya san ɓarayin ƙarfe ne, kuma abin da ya sa duhun ya game yanki guda shi ne jihohi da yawa sun rataya a kan layi ɗaya tal. Wannan rashin tsari ne da aka gani tun tuni aka ƙyale.

Akwai kuma matsalolin da asalinsu halittar wurin ce. Ƙasar Dukku da Kwami ruwanta yana da nisa ƙwarai, sai ka ga an haƙa rijiya gaba da yawa ba a tarar da komai ba, masana ƙasa sun san dalili. Kwazazzaban da ke cin gidaje a cikin Gombe kuwa ƙasa ce mai rairayi da gangare, aka sare itatuwa, aka yi gini a hanyar ruwa, aka cika magudanai da shara. Mutum zai iya cewa ƙaddara ce Allah Ya ajiye mu a irin wannan ƙasa, kuma gaskiya ne. Amma sanin halin ƙasar da yin tanadi dominsa shi ne aikin da aka kafa gwamnati ta yi.

Maganar aljanun fadar shugaban ƙasa ba dattijonku ya fara ta ba. A 2016 Reuben Abati, wanda ya yi wa Shugaba Goodluck Jonathan kakaki, ya rubuta cewa akwai miyagun ruhohi a fadar, har aka yi ta cece-ku-ce. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da irin tasu, za ka ji wasu masu wa'azi suna cewa tun bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977 da aka tara gumaka a Legas ƙasar ta shiga uku. Amma duba tarihi. A Disamban 1991 Janar Babangida ya mayar da gwamnati Abuja. Kafin nan an yi juyin mulkin 1966 da aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an yi badaƙalar siminti ta 1975 da ɗaruruwan jiragen ruwa suka toshe tashar Legas ana biyan su kuɗin jira. Duk wannan ya riga FESTAC, ya kuma riga ginin fadar. Sai dai in za a ce aljanun ma da su aka yi ƙaura daga Barikin Dodan, tsohuwar fadar gwamnati a Legas.

Abin da ke canja mutum in ya hau kujera ba ɓoyayye ba ne. Ya ci zaɓe da kuɗin da ba nasa ba, masu kuɗin suna jiran a biya su da kwangila da muƙami. Sashe na 308 na tsarin mulki ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan mulki. Akwai kuɗin tsaro da ake warewa wanda odita ba ya ganin rasiɗinsu. Mafi yawan kuɗin jiha daga kason Abuja suke zuwa, ba daga aljihun talaka kai tsaye ba, don haka mai mulki bai damu ƙwarai da fushin talaka ba sai zaɓe ya matso. Sannan ga fadawa da suka kewaye shi, ba mai gaya masa abin da ba ya so ya ji. Ka ɗora malamin unguwarku a wannan kujera ka ba shi shekara 4, in bai yi da gaske ba kai ma ba za ka gane shi ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damun ka, wato addini. Ni a iya karatuna, Alƙur'ani bai bar mana ƙofar da za mu fake da Shaiɗan ba, balle ƙananan aljanu. A Suratu Ibrahim aya ta 22 an ba mu labarin jawabin da Shaiɗan zai yi ranar ƙiyama, inda zai ce ba shi da wani iko a kanmu, kira kawai ya yi muka amsa, don haka kada mu zarge shi, mu zargi kanmu. In shugaban ɓata da kansa zai wanke hannunsa haka, wanda ya karkatar da kuɗin takin manoma da wa zai fake? Da aka ji wa musulmi ciwo a Uhudu suka ce daga ina wannan ya zo mana, amsar da ta sauka a Ali Imrana aya ta 165 ita ce daga wurinku ne. Kuma an san dalilin ƙarara: maharba sun bar dutsen da aka ce kada su bari. Mafifitan al'umma ke nan, Annabi (SAW) yana tsakiyarsu, aka nuna musu kuskuren da hannunsu ya yi. Suratur Rum aya ta 41 ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Magana ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma ya tashi ya gyara, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk da wannan, a Janairun 2001 da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka fita suna ƙona otal-otal da mashaya, wai zunubin masu wurin ne ya kama wata. Masana taurari kuwa sun san ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo.

Na san abin da dattijon zai ce, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Zai ce ai zunubi yana jawo bala'i, kuma akwai hadisi a Ibnu Majah da ya ce in alfasha ta bayyana a cikin mutane annoba za ta yaɗu. Haka ne, hadisin yana nan. Amma a karanta shi har ƙarshe. A cikinsa aka ce in mutane suka tauye mudu da sikeli za a kama su da fari da tsadar rayuwa da zaluncin shugaba, in suka hana zakka za a hana su ruwan sama, aka kuma ambaci warware alƙawari da shugabannin da ba sa hukunci da abin da Allah Ya saukar. Duk ayyukan mutane ne da za a iya nunawa a daina. Babu aljani a ciki, babu layar da aka binne. Abin mamaki, masu mulki in za su jawo hadisin nan, gaɓar farko kaɗai suke tunawa. A 2017 da sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara, gwamnan lokacin Abdul'aziz Yari ya danganta cutar da zinace-zinacen mutane, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya ce maganar ba daidai ba ce, a je a nemo allurar rigakafi. Abin da likitoci suka bayyana shi ne rigakafin da aka yi a baya na nau'in A ne, wanda ya ɓarke kuwa nau'in C ne, allurarsa ta yi ƙaranci. Yawancin waɗanda suka mutu yara ne. Kuma annobar Amwas a Sham ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, wa zai buɗe baki ya ce alfasharsu ce?

Sayyidina Umar shi ne ya nuna yadda shugaba ke haɗa addu'a da aiki. Da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke sai ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi (SAW) ya yi addu'a. Amma kuma ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ayarin raƙuma suka riƙa shigowa Madina, aka girka tukwane ana ciyar da waɗanda suka kwararo daga ƙauye, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jikinsa ya canja. Duk gwamnan da ya kira taron addu'a, sai a je a yi da zuciya ɗaya, in an shafa a tambaye shi ina ayarin.

Mu nan ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ba Malam Yakubu tutar Bauchi ya ba Buba Yero ta Gombe, ya rayu a zamanin da bori da tsafi suka fi na yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ya yaƙe su. Amma da ya zo lissafa abin da ya ɓata mulkin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, abin da ya jera shi ne haraji ba bisa shari'a ba, gaisuwar da ake kai wa masu iko, cin hanci a wurin shari'a, ƙwace dukiyar mamaci. Kamar rahoton odita. A shekarun 1940 a garin Bauchi, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suna zaman tattaunawa suna tambayar yadda En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta lokacin, ke tafiyar da kuɗi da mulki, har abin ya dami hukuma. A 1950 Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Malam Sa'adu ɗan gidan malamai ne, ya san Alƙur'ani fiye da ni da dattijonku, kuma ya yi kaurin suna wajen sukar camfi da bidi'a.

Inda dattijon ya taɓo gaskiya shi ne 'yan siyasa da yawa suna bin bokaye da malaman tsibbu. Wannan ba a ɓoye yake ba, lokacin zaɓe kasuwar masu duba da masu binne rago da rai takan buɗe. Har a shari'ar kuɗin makamai da hukumar EFCC ta shigar a 2015 an ambaci naira biliyan 4.6 da aka ce an fitar da sunan addu'o'i, a lokacin da sojoji ke kukan rashin kayan yaƙi a Borno. To ka ga asiri ya cuci ƙasa a nan, amma ta hanyar baitulmali ya bi. Hanya ta biyu ita ce tsoro. Na zauna da ƙananan ma'aikata da suka ga ɓarna da idonsu suka ƙi rubutawa, don an ce oga ba a taɓa shi, wanda ya taɓa shi bara ya shanye. Ogan ma ya san ana faɗa, kuma ba zai ƙaryata ba, don jita-jitar ta fi masa ɗan sanda tsaro. Haka 'yan Kalare a nan Gombe da Sara-Suka a Bauchi, an sha cewa an asirce yaran ne. Layu da maganin ƙarfe suna jikinsu, gaskiya ne, amma wanda ya saya musu ƙwaya da babur ya kuma yi belinsu in an kama su yana da suna da adireshi.

Ban ga laifin talakan da ya gaji ba. Mutumin da ya yi zaɓe sau da yawa bai ga canji ba, ba a taɓa nuna masa kasafin ƙaramar hukumarsa ba, dole ya nemi bayanin da zai sa zuciyarsa ta huta. Sai dai a harkar lafiya wannan hutun rai yake ci. Shan inna shekaru aru-aru ana cewa iska ce ke shanye ƙafar yaro. Da aka dage da ɗigon rigakafi, sarakuna da malamai suka sa baki bayan tirjiyar ƙin rigakafin ta 2003, asalin ƙwayar cutar da ake kira ta daji ba a sake ganin ta a ƙasar nan ba tun 2016 a Borno, a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Je ka Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, sai ka ga mutum yana zubar da jini ta dasashi da fitsari, 'yan'uwa su ce jifa ne, a yi ta yawo gidan masu magani har kwana ya ƙure. A asibiti jinin ake ɗiba a zuba a kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ne, a ɗaura maganin. Maganin nan daga dafin macizanmu ake haɗa shi, amma a Birtaniya da Kosta Rika, da dala ake sayo shi, don haka ran manomin Kaltungo da Ɓilliri yana rataye da ko an saki kuɗin saye a kan lokaci. Amai da gudawa na 2021 da ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe sama da 3,000, Bauchi tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, ruwan sha ne da bayan gida. Zazzaɓin Lassa da ke dawo wa Bauchi duk rani ɓera ne ke kawo shi cikin abinci.

Game da majalisarku, kada ka kunyata dattijo a gaban yara, girmansa ya wuce haka, kuma in ka ƙure shi zai ƙara kafewa ne. In ya ce a yi addu'a ka riga kowa ɗaga hannu. Bayan nan ka kawo abu ɗaya na unguwa, taransifomar da ta ƙone ko kwalbatin da ta karye, ka ce Baba, wannan wa ya kamata mu je mu gani? Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, na 11 ɗin Gombe da na 20 ɗin Bauchi duk suna intanet, wayarka ta isa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka kuna da damar tambayar shugaban ƙaramar hukuma ko suna iso masa, in ba sa isowa ina suke tsayawa. Kasafin jiha ma ana sa shi a shafin gwamnati, ku nemi sunan unguwarku a ciki ku ga abin da aka ce za a yi muku bana. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai tambaya. Ku rubuta da sunan ƙungiyar unguwa, mai unguwa da liman su sa hannu, ku kai kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiha, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin kafin ku bar ofishin. In dattijon ya yarda, sunansa ya kamata ya zo a farko, don an fi jin nauyin furfura a irin waɗannan wurare.